Kun Hana Su Aji Suna Yara, Kuna Farautarsu A Titi Sun Girma

Duk sa'ad da wata gwamnatin jiha a Arewa ta tashi nuna wa duniya tana aiki, mabarata take fara kai wa hannu. A fitar da sanarwar haramta bara, a cika motoci da jami'ai, a bi shataletale da bakin danja ana kwasar makafi da guragu da kurame. Kano ta yi doka a kan haka a 2013, ta sake jaddada haramcin a 2020. Kaduna ma ta yi nata a zamanin El-Rufai. A duk wannan kame-kamen ban taɓa jin jami'in da ya tsaya ya tambayi gurgun da ake jefawa a bayan mota ba: malam, lokacin da kake ɗan shekara huɗu, wace makaranta ce ta karɓe ka? Da an tambaya, da an ji amsar da kowa ya sani. Babu wadda ta karɓe shi. Gwamnatin da ta rufe masa ƙofar aji yana ƙarami, ita ce ta dawo da kulki tana tuhumarsa don me bai iya komai ba sai roƙo. Wannan zalunci ne, kuma da kasafin kuɗi ake aikata shi, shekara bayan shekara, a gaban idonmu.

Kada wani ya ce mini babu doka. Dokoki kam muna da su har sun yi mana yawa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta sanya renon yara da karatun share fage cikin abin da ake kira ilimin tushe, kuma ta ambaci nakasassu cikin waɗanda dole shirin ya kai gare su. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta mayar da shekara ɗaya kafin aji ɗaya, wato abin da mutanenmu suke kira rabin aji, wani ɓangare na karatun da ya wajaba gwamnati ta bayar. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda ta ce karatunsu kyauta ne har zuwa sakandare, ta ce kowace makarantar gwamnati ta tanadi aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin su, da kayan aikin da suke buƙata. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda mai keken guragu zai iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Mai karatu, ka leƙa firamaren unguwarku gobe da safe ka duba ko an yi.

Doka ba ta sayen allo, ba ta biyan malami. Kuɗi ne yake yi, don haka mu bi sawun kuɗin.

Dokar 2004 ta ware wa UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A tsarin rabon da hukumar ta shafe shekaru tana bi, ilimin yara masu buƙata ta musamman yana samun kashi 2 cikin 100 na wannan kason. Ka lissafa da kanka. Kashi biyu na kashi biyu. Cikin kowace naira 10,000 da ta shiga asusun gwamnatin tarayya, naira 4 ce rabon duk wani yaro makaho, kurma, gurgu, mai galahanga da mai taɓin ƙwaƙwalwa a faɗin ƙasar nan. Wannan naira huɗun za a yanka wa jihohi 36 da Abuja, kuma daga cikinta ake so a yi gini, a sayi na'urar rubutun makafi, a sayi na'urar ƙara ji, daga firamare har ƙaramar sakandare. Me zai rage wa ɗan shekara uku?

Ta ɗaya ɓangaren kuma, rabin kuɗin UBEC ana ba jihohi ne a matsayin tallafin haɗin gwiwa, wato jiha ta ajiye nata kason kafin ta ɗauki na tarayya. A tsohon tsarin kashe wannan tallafi, firamare tana da kashi 60, ƙaramar sakandare kashi 35, ajin share fage kashi 5 kacal. To ga inda aka yi wa yaron da nake magana a kansa kisan mummuƙe. Idan uwarsa ta je wajen masu kula da rabin aji, za a ce mata kuɗinsu bai kai ya ɗauki mai nakasa ba, ta tafi sashen ilimi na musamman. Idan ta je can, za a ce mata su makarantun kwana na kurame da makafi suke riƙewa, ta dawo in ya kai shekara shida ko bakwai. Ƙananan asusu biyu, kowanne yana nuna ɗan'uwansa da yatsa, yaro yana zaune a tsakar gida yana girma.

Kuma waɗannan shekarun da ake cewa a jira su wuce, su ne shekarun da ba sa dawowa. Likitocin kunne sun daɗe da tsayar da ƙa'ida: a gwada jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Dalili shi ne ƙwaƙwalwar ɗan'adam tana kama harshe ne a shekarun farko, ko harshen baki ko maganar hannu. Yawancin yara kurame iyaye masu ji ne suke haifarsu, iyayen da ba su taɓa koyon maganar hannu ba. Yaron da ya kai shekara bakwai ba shi da harshen da zai yi tunani da shi, ba zai iya cewa yunwa yake ji ba, ba zai iya gaya wa uwarsa wani ya taɓa shi inda bai dace ba, wannan yaron an riga an sace masa abin da babu malamin da zai mayar masa da shi cikakke. Daga baya sai a ce daƙiƙi ne. Wallahi ba daƙiƙi ba ne, barinsa aka yi a cikin shiru.

Haka abin yake ga sauran. Jaririn da aka haifa ƙafarsa a murɗe, in aka fara ɗaure ta da filasta tun yana makonnin farko, yawanci miƙewa take ya taka kamar kowa; in aka bari ya girma, sai tiyata mai tsada ko rarrafe. Wanda aka haifa da yana a ido, in aka cire da wuri zai gani, in aka makara ko an cire idon ba zai koyi gani sosai ba. Yaron da jikinsa ya sanƙare saboda wahalar haihuwa, gashi da motsa jiki tun yana ƙarami ne suke raba shi da kwanciya ta har abada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kowa ya san wannan. Muna da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, muna da asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ilimin yana nan, ƙwararrun suna nan ko da ba su da yawa. Abin da babu shi ne hanyar da za ta ɗauko yaro daga ƙauyen Gwarzo ko Maradun ko Gumel ta kai shi gabansu kafin lokaci ya ƙure, kuma wannan hanyar kuɗi take ci.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da yawan wannan nakasar ba daga sama ta faɗo ba. Eh, komai da ƙaddarar Allah, amma Allah bai ce a bar sababi ba. Shekara nawa shan inna ta yi tana karya ƙafafun yaranmu, har da lokacin da aka dakatar da rigakafi a Kano a 2003, kafin a ayyana Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020? Sanƙarau da yake zuwa mana duk bazara, wanda ya yi ɓarna a 1996 ya kuma sake yi a Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017, yaran da suka tsira da rai da yawa kunnensu ya tafi da shi. Ƙyanda tana makantarwa, kuma allura ɗaya ko biyu ce rigakafinta. Shawarar jarirai, wadda hasken fitila na asibiti yake warkarwa cikin 'yan kwanaki, in aka bar ta sai ta taɓa ƙwaƙwalwa da ji. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta bar wasu da ƙwaƙwalwar da ba za ta koma daidai ba. Doguwar naƙuda a gida saboda asibitin ƙauye ba ungozoma, ba wuta, ba mota. Duk waɗannan gazawar hukuma ce. Wanda sakacinsa ya jawo wa yaro nakasa, ba alfarma yake yi masa ba in ya biya kuɗin karatunsa. Bashi ne yake biya, kuma har yau bai fara ba.

Na taɓa tsayawa a harabar wata firamare a farkon zango na ga uwa ta riƙo ɗanta mai kamar shekara biyar, yana tafiya yana jan ƙafa, yawu yana zuba. Hedimastan bai yi mata tsawa ba, mutumin kirki ne. Cewa ya yi: "Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Malama ɗaya ce a rabin aji, yaran sun fi ƙarfinta. In ya faɗi wa zai ɗaga shi? In zai zaga wa zai kai shi?" Ta ce, "To malam, ina zan kai shi?" Ya yi shiru. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Ajin da yara suke zaune a ƙasa kafaɗa da kafaɗa, ba tabarma, ba banɗaki, malama ɗaya da alli, ta yaya za a ɗora mata yaron da yake buƙatar mutum guda a gefensa? Laifin yana kan wanda ya rubuta a takarda cewa kowace makaranta ta karɓi kowane yaro, sannan ya rufe jaka ya tafi.

Za a ce ai akwai makarantu na musamman. Akwai su. Makarantar makafi ta Gindiri a Filato tun 1953 take, kuma mishan ne suka kafa ta. Akwai Tudun Maliki a Kano, akwai ta kurame a Malumfashi da ta Haɗeja, akwai ta A. A. Raji a Sakkwato, akwai ta Kaduna. Malaman da suke cikinsu suna aikin da ya cancanci a yi musu addu'a. Amma jihar da take da ƙananan hukumomi 44 kamar Kano, ko 34 kamar Katsina, makaranta ɗaya ko biyu ko uku za su ishe ta? Kuma wace uwa ce za ta ɗauki ɗan shekara uku da ko wanka bai iya yi wa kansa ba, ta kai shi makarantar kwana a wani gari? Ƙaramin yaro kusa da gida yake buƙatar taimako, a ajin da uwarsa za ta iya goyo shi ta kai da safe ta ɗauko da hantsi. Masu hali a Abuja da Legas da cikin Kano da Kaduna suna da cibiyoyi masu zaman kansu, inda ake biyan kuɗin da ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci. Ɗan mai gadi da ɗan manomi kuwa sai ɗaki, wani lokaci har da igiya a ƙafa don kada ya fita ya ɓata yayin da uwar take neman abin sawa a baki. Kada mu yi saurin zagin uwar nan. Mu tambayi kanmu wane zaɓi aka ba ta.

Sai malamai. Kwalejin ilimi ta tarayya da aka keɓe don horar da malaman masu buƙata ta musamman, wadda aka kafa a 1977, tana garin Oyo. Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero suna da sassan ilimi na musamman, suna yaye ɗalibai duk shekara. Ina ɗaliban suke zuwa? Da yawansu suna zaune da takarda a hannu, ko suna koyar da wani darasin daban a makarantun kuɗi, saboda hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi (SUBEB) da ƙananan hukumomi ba su buɗe musu gurbi a rabin aji ba. Muna horar da mutane don wani aiki, muna da yaran da suke mutuwar buƙatar wannan aikin, an kasa haɗa su saboda babu layi a kasafin kuɗi. A Kano kurame suna da maganar hannunsu ta gargajiya da suka gada kaka da kakanni, har masana sun yi rubutu a kanta. Me zai hana a ɗauki kurame manya masu ilimi aiki, a biya su albashi, su riƙa koya wa ƙananan yara da iyayensu magana tun daga goyo?

Na san amsar da za a ba ni, domin ita ake bayarwa kullum: babu kuɗi. Ban yarda ba. Shugabannin UBEC da kansu sun sha fitowa suna kuka cewa jihohi sun bar sama da naira biliyan 100 na tallafin haɗin gwiwa jibge ba su ɗauka ba, saboda gwamnoni sun ƙi ajiye nasu kason. A 2023, ana tsakiyar raɗaɗin cire tallafin mai, aka saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motocin da jaridu suka ruwaito kowace ta kai kusan naira miliyan 160, ga sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360. Tun da aka cire tallafin man, kason da jihohi suke karɓa daga asusun tarayya ƙaruwa ya yi. Gadojin sama suna tashi a biranenmu, har inda ba a cika samun cunkoso ba. Kuɗi yana nan. Abin da babu shi ne kwangila mai maiƙo a cikin albashin mai taimaka wa malama, kuma ɗan shekara huɗu kurma ba shi da ƙuri'a, ba ya zanga-zanga, ba ya kira a gidan rediyo. Shi ya sa aka manta da shi.

In an tuna da nakasassu kuwa, sai ranar 3 ga Disamba, ranar masu nakasa ta duniya, ko in zaɓe ya ƙarato. A kafa rumfa, a jera kekunan guragu da buhunan shinkafa, a kira sarkin makafi da sarkin guragu, a ɗauki hoto. Ba na raina keke, wanda ya samu ya ji daɗi. Amma sadaka ce ake yi da kuɗin da haƙƙinsu ne, kuma ana yin ta ne ga manya bayan an bar ƙuruciyarsu ta lalace. Ko shirin ciyar da ɗalibai da aka fara a 2016, aji ɗaya zuwa uku aka tsara masa. 'Yan rabin aji ba sa ciki, balle wanda ko rajistar makarantar bai shiga ba.

Kuma ta yaya ma za a yi kasafi wa yaran da ba a ƙirga ba? Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a ƙasar nan ta 2006 ce. UNICEF ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan yara miliyan 240 a duniya suna da nakasa, wato kusan ɗaya cikin goma. A yankin da yake fama da yunwa da sanƙarau da haihuwa a gida, babu dalilin zaton namu ya gaza haka. Ma'aikatan rigakafin shan inna sun shiga kusan kowane gida a Arewa, sun yi alama da alli a kowace ƙofa. Hukumar da ta iya wannan za ta iya sanin gidan da yake da yaron da ba ya ji ko ba ya gani, in ta so.

Mu ma jama'a muna da namu kason na laifi, ba zan ɓoye ba. Akwai masu ɓoye yaro don kunya. Akwai masu cewa aljanu ne ko maita, a yi ta yawo da shi gidan masu magani har shekarun taimako su wuce. Akwai mazan da suke sakin mace don ta haifi mai nakasa, su bar ta da ɗawainiya ita kaɗai. Ina kira ga malamanmu su hau mumbari su yi magana a kan wannan. Addinin da aka saukar da sura a cikinsa saboda makaho Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda ya zama ladanin Manzon Allah (SAW) har ana bar masa riƙon Madina, bai yarda a mayar da makaho abin jefa wa sadaka kawai ba. Masana tarihin Musulunci sun kawo cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya sanya wa makafi 'yan jagora, ya sanya wa guragu masu hidima, daga baitulmali. A nan gida, marigayi Aliyu Namangi na Zariya makaho ne tun yana ƙarami, ya samu malamai suka karantar da shi, ya bar mana Imfiraji. Namangi nawa ne yanzu haka suke zaune a zaure ba wanda ya koya musu ko alif? Amma jahilcin iyaye ba zai zama mafakar gwamnati ba. Uwar da ta ga ɗan maƙwabciyarta kurma ya shiga aji yana rubuta sunansa, ba sai an yi mata wa'azi ba, da kanta za ta kawo nata.

Ba sai mun je Amurka neman misali ba, ko da yake su tun 1986 suka faɗaɗa dokarsu ta rufe yara daga haihuwa zuwa shekara biyar. Kenya, ƙasar Afirka irin tamu, tun 1984 ta fara kafa cibiyoyin gwada yara a gundumomi, inda ake duba yaro a gano matsalarsa a tura shi inda ya dace, kuma tana ƙara wa makaranta kuɗi a kan kowane ɗalibi mai nakasa. Tsarinsu yana da nasa giɓin, amma yaron yana cikin lissafi.

Abin da nake nema a fili yake. Majalisar tarayya ta ɗaga wannan kashi 2 na wulaƙanci, kuma a keɓe wani yanki nasa da sunan yaran da ba su kai shekara shida ba, yadda ba za a karkatar da shi zuwa fenti da katanga ba. Kowace jiha ta buɗe layi a kasafinta mai wannan suna, ta riƙa buga abin da ta saki da abin da aka yi da shi. Kuɗin ya bi yaro: makarantar da ta karɓi mai nakasa a rabin aji ta samu ƙari, ta ɗauki mai taimaka wa malama daga cikin matan unguwar. A haɗa gwajin ji da gani da ranar rigakafi, tunda a nan ne uwa take zuwa da jariri da ƙafarta. Kowace ƙaramar hukuma ta samu aƙalla cibiya ɗaya da ƙwararren malami mai babur da zai riƙa zagaya makarantu. Tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, ciyamomi ma ba su da sauran wurin ɓuya. Hukumar nakasassu ta ƙasa da aka kafa a 2020 kuma ta daina tsayawa a taron bita, ta fara kai jihohin da suka karya doka gaban kotu.

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe, kai da ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi da kai da ka yi alkawarin ilimi kyauta kuma dole, kafin ka sake tura mota kamen mabarata, buɗe kasafinka ka nuna mana naira nawa ka ware wa ɗan shekara huɗu makaho. In babu, ba ka da bakin hana ubansa bara. Kai kuma mai karatu, duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanka neman ƙuri'a, daga kansila har gwamna, ka yi masa wannan tambayar, kuma kada ka bar shi ya tafi sai ya faɗi adadi.